Masae Kuramochi, Matar da Ba Ta Cikin Kaguwa

Kowace safiya, kafin masu karanta labarai su gama gyara wuyan riga, Masae Kuramochi ta riga ta jingine kekenta a bayan Gidan Rediyo da Talabijin na Isohama ta gangara sito. Can ne ofishinta, in har za a kira shi ofis: ɗaki ne mara taga, cike da karyayyun kujeru da allunan gasar waƙa na shekarun baya da kwalayen faya-fayan da babu injin da zai iya kunna su yanzu. Takan kunna fanka, ta jona butar shayi, sannan ta nufi wata ƙatuwar durowa da ke kusurwa ta ce, "Ina kwana, maigida." Daga nan sai ka ji ƙarar buroshi da feshin maganin wari. Abin da ke cikin durowar kuwa ban sani ba, ban taɓa leƙawa ba, kuma duk wanda ya ce ya gan ni ina leƙawa ya fito fili ya maimaita.

A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya bayan shekara talatin da 'yan kai. Ni Shozo Niinuma, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karanta muku hasashen yanayi a rediyo kuna zaginsa duk ranar da ruwa ya dake ku, na je na roƙi editan jaridar nan fili in jinjina mata. Ya ce, "Mai sito? Me ta yi?" Na ce masa ba ta yi komai ba. Ya dube ni, na dube shi. Can ya ce, "Oho. To ɗauki shafi guda cur." Shi ma ɗan garin nan ne, da Kanibe ya tashi.

Kanibe dai kowa ya san shi: jar kaguwar nan ta gidanmu, namiji ne in ji waɗanda suka zana shi, mai faɗi kamar ƙofar gareji, da idanu biyu a kan tsinke da hannuwa irin almakashin tela. Shi ke rawa a ƙarshen shirin yamma, shi ke buɗe bikin kaguwa a bakin teku, shi ke tsallakar da 'yan makaranta titi a makon kiyaye haɗari. Kuma babu kowa a cikinsa. Wannan ita ce dokar farko da ake koya wa sabon ma'aikaci, tun kafin a nuna masa banɗaki. Kanibe ba ya magana, ba ya cire kai, ba ya shan ruwa a gaban mutane, kuma ba a tambayar wa ke ciki. Baƙi sukan ce wannan ƙarya ce. Mu a wurinmu ladabi ne, irin wanda aka faro don yara aka wayi gari manya sun fi yaran riƙo da shi.

Sai dai akwai wani abin mamaki. Duk lokacin da Kanibe ya fito, in ka gangara sito neman Kuramochi-san, kamar yadda muke kiranta don girmamawa, sai a ce maka ta je gidan waya. Safe gidan waya, yamma gidan waya, ranar hutu ma da gidan wayar ke rufe can ta je. Bara na haɗu da tsohon shugaban gidan wayar a wurin wankan ruwan zafi, ya rantse mini bai san kamanninta ba. Na ce masa ai layi ne ya yi masa yawa.

Mutum ɗaya ce wannan tsari bai taɓa yi wa daɗi ba, ita ce mahaifiyarta, Iya Ume, tsohuwar mai ɓare kifi a kasuwa, wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Na sha cin abinci a gidansu, na sha jin karatun da kunnena.

"Shekara nawa kina aiki a gidan talabijin, ko ƙeyarki ban taɓa gani a akwatin nan ba. 'Yar mai aski ta fito, an tambaye ta tsadar kabeji. Karen maƙwabta ya fito. Ke kuwa kina can ƙarƙashin ƙasa kina gadin tsintsiya."

"Iya, ai kowa da aikinsa."

"Aiki? Dubi Kanibe, ga mai aiki nan. Shi ko gajiya ba ya yi."

Sai Masae ta sunkuyar da kai ta ƙara wa tsohuwar shinkafa. Ni kuma sai tari ya sarƙe ni, in nemi ruwa. Tun muna dariyar wannan ƙorafi har ya daina ba mu dariya, domin tsohuwa ta ci gaba da tsufa, buƙatarta kuma ba ta sauya ba: ta ga 'yarta a talabijin sau ɗaya kafin ta bar duniya.

Gidanmu ya girmi Kanibe nesa ba kusa ba. An buɗe shi 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu a saman shagon wani mai sayar da tarun kamun kifi, rediyo zalla, abin watsawa kuwa farashin kifi da cigiyar waɗanda ba su dawo gida ba. Tsofaffin ma'aikata sun ce in ciniki ya yi zafi a ƙasa, har cikin labaran rana ake jin mai shagon yana cewa bai sallama ba. Daga baya talabijin ya zo, baƙi da fari, sannan mai launi, muka tattara muka koma ginin nan na kan tudu. Shekara da shekaru mu kaɗai ne a lardin, muna cin karenmu babu babbaka, ko hoton teku muka saka na awa guda sai an kalla. Kwatsam sai ga sababbin tashoshi biyu da 'yan mata masu karanta labarai da harshen Tokyo, masu kallo suka soma zamewa. Shugaban gidan na wancan lokaci ya tara mu ya ce kowace ma'aikata ta samu 'yar halittarta mai ƙaton kai da ke rawa a bakin ƙofa, hatta ofishin haraji, sai mu? Da aka tambaye shi wace dabba, bai yi dogon tunani ba, ya faɗi abin da ya ci da daddare.

Haka Kanibe ya iso a mota, ga faɗi amma babu tsawo. A nan tarihin gidanmu ya yi shiru. Abin da kawai zan iya shaida shi ne, an ga zaratan samarin sashen wasanni suna shiga wani ɗaki ɗaya bayan ɗaya suna fitowa dafe da wuya, kuma a makon ne aka ɗauki wata gajeriyar yarinya aikin sito. Gajerun gidan duka mu biyu ne, ni da ita, kuma na daɗe da daina jin haushin masu tuna mini.

Ni na fi kowa sanin Kanibe, domin wani mai basira a sama ya yanke shawarar a riƙa kawo shi baƙo a shirina na safe. A rediyo fa. Kaguwar da ba ta magana, a akwatin da ba a gani. Sai in ce, "Kanibe, yaya kake ganin garin yau?" Sai a yi tsit. Sai in ce, "Jama'a, ya ɗaga almakashin dama." Na ɗauka mako guda za a yi a kore mu duka, ashe masunta a tsakiyar teku sun mayar da abin nasu, wai in ya ɗaga na dama za a yi kamu. Har aka kai ga sun fi yarda da almakashinsa a kan hasashena, abin da har gobe ban yafe ba. Wata rana a tsakiyar zafin Agusta na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, ina jin numfashi yana fita da ƙyar a gefena. Da aka saka waƙa na rufe makirufo, na dubi silin na ce, "Ai nan babu mai gani. Da wani zai so shan iska, da ya sha." Kanibe ya juyo a hankali ya nuna ni da almakashi. Wato ni ma mai gani ne. Ban sake kawo maganar ba.

Ranar da ya faɗa teku kuwa, rabin garin nan shaida ne. Bikin kaguwa ake yi, yana tafiyarsa ta gefe a kan gadar katako yana gaida jama'a, gadar ta ƙare shi bai ƙare ba. Sai ji muka yi tsulum. Da yake jikinsa soso ne, bai nutse ba, ya kama hanyar barin ƙasar a kwance, idanu na kallon sama. 'Yan kwana-kwana suka bi shi da kwalekwale suka jawo shi da ƙugiya. Babbansu ya zaro wuƙa zai farke wuyan, sai almakashi ya tashi ya dafe masa hannu, ɗayan kuma ya nuna bakin gaɓa. Yara ne cike, sun yi cirko-cirko, wasu har sun soma ihu. Kanibe ya miƙe da nauyin ruwan da ya sha, ya taka rawarsa tun daga farko har ƙarshe, ruwa na tsiyaya ta ko'ina, sai da yaran suka koma dariya sannan ya yarda aka saka shi a mota. Washegari aka kwantar da Kuramochi-san a asibiti da ciwon haƙarƙari. Sanarwar da aka manna a ofis ta ce ruwan sama ne ya dake ta a hanyar gidan waya, kuma mutane suka yi ta hararata wai ban yi gargaɗi ba, a ranar da ko ɗigon gajimare babu. Iya Ume ta je dubiya da miyar kifi, ta ce mata, "Kanibe ya faɗa teku ya tashi ya yi rawa, ke yayyafi ya kwantar da ke."

Sai shekarar da aka kashe tsohon tsarin watsa hoto, aka ce kowa ya sauya akwati ko ya wayi gari da allo mai yashi. Gidanmu ya tura ma'aikata ƙauyukan kan dutse, Kanibe na gaba. Akwai wani tsoho, Kumagai, da ya kori injiniyoyi har sau uku da sandar share dusar ƙanƙara. Da ya leƙo ya ga Kanibe tsaye a ƙofa, sai ya ce, "Kai shigo. Su su tsaya nan." Sai da aka cire ƙyauren kafin baƙon ya shiga. Tsoho ya zuba shayi ya ajiye masa, ya zauna yana ba shi labarin matarsa da ta rasu, yadda ita ta zaɓi akwatin nan, yadda take rufe shi da ƙyalle in za su kwanta. Shayi ya huce, ya zuba wani. Injiniyoyi na waje suna rawar sanyi har rana ta karkata. Kanibe bai motsa ba, sai dai lokaci-lokaci ya ɗora almakashi a gwiwar tsohon. Da labari ya ƙare, Kumagai ya share fuska ya ce, "To, ce musu su shigo. Amma ƙyallen yana nan."

Ke ce, Masae, wadda ba ta wurin a duk waɗannan ranaku. Ke ce ba ki durƙusa a kan tabarmar tsohon nan ba har ƙafafunki suka mutu. Ke ce ba ki sha gumi a Agusta ba, ba ki sha duka a hannun yaran da ke gwada ko kaguwa na jin zafi ba. Gajeriya mai cika fili, ban san wanda ya yi wa gidan nan hidimar da ba ki yi ba.

Gwiwa dai ba ta san doka ba. A bana likita ya ce tata ta gama aiki, a daidai lokacin da wani likitan, a gidan kula da tsofaffi inda Iya Ume take yanzu, ya ce zuciyar tsohuwa ta yi rauni, duk abin da za a yi mata kada a ce sai baɗi. Masae ta same ni a shagon taliya da ke ƙasan tudu. Tunda na san ta ba ta taɓa roƙon komai ba, ko canjin ranar hutu. Ta daɗe tana juya tsinken cin abinci, sannan ta ce, "Niinuma-san, ko minti ɗaya ne. Da fuskata." Na ji abin har cikin raina, na ce ta bar mini.

Na kai maganar taron manya. Shugaban gidan na yanzu, Odagiri, mutumin kirki ne amma matsoraci, ya saurare ni yana goge tabarau.

"Niinuma-san, ba a nuna mai sito a shirin yamma. In muka nuna ta, mutane za su nemi dalili."

"Sai mu faɗi dalilin."

"Wane dalili?"

"Ranka ya daɗe, ka san dalilin."

"Na san ta riƙe sito da amana. Ko kujera ɗaya ba ta ɓace ba."

"Kujerun duk karyayyu ne, wa zai sata?"

"To ka gani."

Aka yi ta zagaye har shayi ya ƙare, mutum goma sha suna muhawara a kan abin da babu wanda zai iya ambata. Wani ya ce a nuna ta daga nesa cikin taro. Wani ya ce a saka hotonta a ƙasan allo lokacin farashin kifi. Daga ƙarshe shugabar shirye-shirye, Hiraga-san, wadda ita kaɗai ce mai kai a ɗakin, ta buga tebur.

"In ta fito ita kaɗai aka yi mata godiya, duk lardin nan zai gane abin da babu shi. Amma in Kanibe da kansa ya miƙa mata furanni, a matsayin mai share masa ɗaki, an gan su tare ke nan. Uwar ta ga 'yarta, masu tsegumi kuma bakinsu ya mutu."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Odagiri har da miƙewa. Sai kuma tafin ya soma raguwa, kowa ya koma kallon kofinsa, domin akwai tambayar da dole a yi kuma babu bakin yin ta. Hiraga-san ta yi gyaran murya.

"To, a ranar, wa zai je gidan waya?"

Ban ga lokacin da suka haɗa baki ba, amma duk idanun ɗakin a kaina suka sauka.

"Haba jama'a! Na haura sittin fa. Ina da hawan jini. Ina da suna a garin nan."

"Sunan na muryarka ne," in ji Hiraga-san. "Fuskarka ko ta ɓace mako guda babu mai cigiya. Tashi tsaye mu gani." Na tashi. Ta ce, "To ai shi ke nan, kamar an auna."

Mako guda Masae ta yi tana koya mini hanyar gidan waya a sito, ƙofa a kulle. Ban san tana da faɗa ba sai a lokacin. "Gefe, Niinuma-san, gefe! Wa ya ce maka kaguwa na tafiya gaba? Kana tafe kamar mai zuwa karɓar fansho." In na yi nishi ta ce ba a nishi. In na ce hancina na ƙaiƙayi ta ce babu hanci. Ta ce abu biyu kada in manta ko da zan manta sunana. Na farko, ba a ganin ƙasa daga ciki, saboda haka kullum in ɗauka akwai yaro a gaban ƙafata. Na biyu, kada in rusuna. Kan a ɗore yake kawai, igiyarsa ta tsinke tun zamanin shugaban da ya wuce, in aka sunkuya da yawa zai tafi abinsa. "Gyaɗa jiki kaɗan ya isa," in ji ta. Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Ranar ta zo. Ni dai ba na nan, na je gidan waya, don haka abin da zan faɗa labari aka ba ni. An ce cikin Kanibe duhu ne da zafi da warin shekara talatin, kuma ta 'yar ragar bakin ana hango Masae tsaye a gefen fili cikin rigarta mai ruwan toka. Matar da ba ta taɓa tsoron dubban mutane ba, yau kyamara ɗaya ta tsorata ta. Mai gabatarwa ta kira sunanta, cikakke, kai tsaye, karo na farko a tarihin gidan. Ta fito. Kanibe ya matso ta gefe, lafiya lau, ya miƙa furanni, ta karɓa. Saura kawai ta juya ga kyamara ta yi magana.

To amma ku faɗa mini, wane ɗan ƙasar nan ne zai tsaya gaban mutumin da ya yi irin wannan hidima, ya miƙa masa furannin sallama, bayansa bai tanƙwaru ba? Ba shawara ake yi ba, jiki ne ke yi da kansa. Kanibe ya rusuna. Ba 'yar gyaɗawa ba, rusunawa ta sosai, irin wadda ake yi wa malamin da ya koya maka karatu. Aka ji kan ya ce ƙyas, ya soma sulalowa gaba, iska mai sanyi ta bugi ƙeyar da bai kamata a ce akwai ta ba.

Masae ta watsar da furannin. Da gwiwar da likita ya ce ta gama aiki ta yi tsalle ɗaya ta rungume kan da hannu biyu, ta danna shi inda yake, ta juya wa kyamara baya don ta tare wuyan. Abin da masu kallo suka gani shi ne tsohuwar mai sito ta ƙanƙame Kanibe ta kasa saki. Abin da aka ji a ciki kuwa shi ne, "Miƙe a hankali, sakarai. A hankali na ce!" Mai gabatarwa ta fashe da kuka. Odagiri ma an ce ya cire tabarau. Mai kyamara ya zagayo da gudu, amma abin da ya samu kafin a tafi talla shi ne rabin fuska a matse jikin jan soso, gumi na zuba, haƙora a cije. Wayoyin gidan suka yi ta ƙara har aka tashi, kowa na cewa bai taɓa ganin sallama mai taɓa zuciya irin wannan ba.

Ita kuwa a sito ta zauna kan karyayyar kujera. Minti ɗayan da ta roƙa ya tafi, ba ta ce uffan ba, kusan duk ƙeya aka gani. Na dawo daga gidan waya da filasta a wuya, na soma ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi ka raka ni wurin Iya. Kai ka jawo, kai za ka tsaya a gaba."

Muka tarar da zauren gidan tsofaffin cike, an jera kekunan guragu gaban akwati, Iya Ume a tsakiya da bargo a cinya. Wata mai jinya ta raɗa mana cewa tun rana tsohuwar ta hana kowa barci, ta sa an tattaro har waɗanda ba sa gani. Masae ta durƙusa a gabanta.

"Iya, ki yi haƙuri. Ban samu na juyo ba."

"Na gani. Wane rago suka saka yau?"

Abin da ya biyo baya, ina tunatar da mai karatu cewa Iya Ume ta haura casa'in, tsofaffi kuma sukan faɗi abin da suka ga dama, jaridar nan ba ta da alhaki.

"Saka a ina, Iya?"

"Ke, kada ki raina mini hankali. Ni na koya miki tafiya. Tun ranar farko da abin nan ya fito yana jan ƙafar hagu na ce ga Masae." Ta ɗago ta dubi filastar wuyana. "Kai kuma ka koma wa ruwan samanka, can ma ba iyawa ka yi ba."

Masae ta ce, "Kin sani? To duk faɗan nan na shekara da shekaru fa?"

"An ce babu kowa a ciki. Ni ce zan ɓata wa yaran gari? Na yi shiru kamar kowa. Miyar kifin da na kai miki asibiti, kin ɗauka ta yayyafi ce?" Ta miƙo hannuwanta ta tallabi kumatun 'yarta. "Amma ni ba kaguwa na haifa ba. Wannan na haifa. Ita nake so a gani, in nuna in ce tawa ce. Yau ko rabi ce na nuna musu, kowa a ɗakin nan ya ji."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Mun ji, har sau goma." Masae ta kifa kai a kan bargon uwarta. Ni kuma na fita waje duba gajimare, na daɗe ban dawo ba.

Na gode, Masae. Gidan Rediyo da Talabijin na Isohama ya gode, ko da yake ba zai iya faɗin dalili ba. Yaran da suka girma suka zama masunta da malamai da editocin jarida sun gode. Ki huta, ki miƙe ƙafa, ki yi tafiyarki gaba kamar kowa. Masu tasowa a gidan nan, ku koyi riƙon aiki a wurin matar da ta yi shekara talatin ana tafa wa wani a madadinta ba ta taɓa ɗaga kai ta ce ni ce ba. Ku kuma manya, a duk inda kuke, na san akwai wani a ma'aikatarku da ke ɗauke da nauyin gidan ba a san fuskarsa ba. Ku gangara ku nemo shi, ku kira sunansa da ƙarfi a gaban mutane, tun mahaifiyarsa tana da idon gani.